Malafa a Kujerar Lazar

Johannesburg,
farkon watan Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Rona,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki. Yaya gwiwar? Kin rage gishirin kamar yadda likita ya ce, ko har yanzu kina fakar idon mutane ki zuba? Mu nan lafiya lau, in ban da Basil da ke ta ƙorafin baya, kuma kin san bayan mijin yayarki ba ya tashi sai ranar da za a ɗauki kaya.

Za ki ce me ya hana ni kiran waya. Maganar ba ta waya ba ce, don Basil kurma ne in an aike shi, amma in ana sirri har numfashi yana ji.

Rona, zan kai wa Baba maza goma.

Na san ba ki manta ranar da muka binne shi a Ficksburg ba. Ruwa ya yi ta zuba har ya cinye hanya, waɗanda za su zo daga wasu garuruwa suka maƙale. Maza shida ne kawai suka tsaya a bakin kabarin da laimominsu, aka rufe shi ba a karanta Kadish ba, tunda addu'ar mamaci ba ta yiwuwa sai da maza goma. Mutumin da duk zamansa a garin, in an rasa cikon na goma a majami'a shagonsa ake rugawa, ya kulle ƙofa ya bar masu ciniki a tsaye. Har Mama ta bar duniya tana faɗa: ya cika wa kowa, shi an rasa mai cika masa. Na san an karanta masa daga baya a majami'ar nan, amma ba a kansa ba, kuma yanzu ko Bayahude ɗaya bai rage a garin ba. Na haye saba'in, Rona. In na bari bana ta wuce, ban ga alamar jikina zai sake jure wannan hanyar ba.

In na ce wa tsofaffin majami'armu su taso mu yi tafiyar rabin yini don zuwa maƙabarta, kowa zai tuna yana da alkawari da likitan haƙori. Don haka na raɗa wa abin suna: yawon ganin tarihin kakanni da bakin iyaka. Za a ga tsohuwar majami'a, a tsallaka gada a shiga Lesotho a ci kasuwa, a biya gonar 'ya'yan itacen nan na ceri kowa ya ci har ya ture. Ina ambatar ceri hannuwa suka tashi sama. Maƙabartar a ƙarshe na faɗe ta, da ƙaramar murya. Ranar kuwa na zaɓe ta daidai da ranar rasuwar Baba a lissafin watanmu, kuma Basil ne zai karanta Kadish ɗin a matsayinsa na suruki.

Mata mun kusa ashirin, amma kin san a wannan lissafin da mu da kujerun mota duk ɗaya ne. Maza kuwa goma cif na haɗa, sai ga shi shekaranjiya ɗaya ya zame a banɗaki ya karya ƙugu. Na je asibiti dubiya, baki yana yi masa sannu, zuciya tana auna ko gadonsa zai shiga bas. Wanda ya rage a duk ƙungiyar da zai iya hawa matakalar mota shi ne Lazar Tankel.

Kin san ba sa ga maciji shi da Basil, amma ban taɓa ba ki asalin labarin ba saboda kunya. Kifi ne. A wata walimar majami'a, marigayiya Hinda matar Lazar ta kawo dunƙulen kifi irin na mutanensu na Polan, wanda ake zuba wa sukari. Basil, da yake kakanninsa 'yan Lituwaniya ne masu barkono, ya ɗanɗana ya ɗaga murya ya ce, "Wa ya kawo alewa a farantin kifi?" Aka yi dariya, matar ta shige kicin tana share ido. Ba a shekara ba ciwo ya ɗauke ta. Tun daga nan ko gaisuwa ba ta haɗa su. Lazar kuma duk mako da kansa yake dafa kifin nan yadda take yi, ya zuba a wani ɗan gwangwani yana yawo da shi.

Na same shi har gida na gaya masa gaskiyar tafiyar. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Don mahaifinki zan je, Zelda. Shi ya cika goma ranar da aka binne nawa uban. Amma ki gaya wa mijinki kada inuwarsa ta taɓa tawa." Da na gaya wa Basil, ya ce in zaɓa, ko shi ko Lazar. Na ce to, Lazar. Sai ya ce shi dai a ba shi kujerar taga.

Ki taya ni addu'a kada wani ya sake shiga wanka kafin ranar. Ki gaida kowa da kowa, ki sumbaci autar jikokinki a madadina.

Yayarki,
Zelda


Johannesburg,
bayan mun dawo

Ƙanwata Rona,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk mutanen gidan. Ina fata kuna lafiya kamar yadda muke, in dai za a kira abin da muke ciki lafiya: ƙafafuna sun kumbura, Basil kuma yau kwana biyu shayi kawai yake sha. Ki samu wuri ki zauna, ki matsar da kofinki nesa da takardar.

Da asuba muka tashi. Direbanmu, wani mutumin kirki mai suna Ntate Sello, ya tsaya a ƙofa ya fara nuna mu da yatsa, ɗaya, biyu, uku. Kafin ya kai huɗu Selwin Orkin ya cafke hannunsa. Kin tuna Selwin, dattijon da ke kula da tsarin majami'a, wanda ko igiyar takalmi ka ɗaura sai ya gaya maka hukuncinta. Ya ce, "Ɗana, ba a ƙirga mu kamar tumaki. Wanda aka ƙirga, baki yana kama shi." Ya karɓe aikin. Ya tsaya a tsakiyar bas yana karanta ayar nan mai kalmomi goma, kowace kalma ya ɗora ta a kan hula ɗaya da ke leƙowa ta saman kujera. In aya ta ƙare, maza sun cika. Direba ya ce, to matan fa? Selwin ya ce, "In an bar ɗaya a baya, za mu ji surutu ya ragu." Na ƙyale shi, don ina buƙatarsa. Abin da ya kamata in tuna shi ne idon Selwin: ɗaya yana jiran a yi masa aiki, ɗayan kuma aikin ne ya lalata shi.

Mata muka zauna a gaba, maza a baya, yadda aka saba. Basil ya samu tagarsa a layin ƙarshe, Lazar kuma a ɗaya tagar ta wannan layin, don tsufa ya sa kowannensu yana son kusa da bayan gidan motar. Haka suka yi tafiyar nan kowa ya ba wa ɗan'uwansa ƙeya.

Tsohuwar majami'armu yanzu shagon faci ce. Mai wurin ya bar mu muka shiga, nan take maza uku suka kaure da gardama, kowa na rantsuwa cewa kakansa ne ke zama a jikin bangon gabas, daidai inda injin hura taya yake yanzu. Ni na zame na je shagon Baba. Wayoyi ake sayarwa a ciki, amma dakalin ƙofar yana nan, da lotsawar nan ta tsakiya inda muke zama muna cin gyaɗa. Na tsinci ƙananan duwatsu biyu a gefensa na sa a jaka. Ban yi kuka ba, na ajiye shi sai an jima.

Bas ɗin bai tsallaka iyaka ba, a wannan hayin muka bar shi, muka taka gadar da ƙafa aka buga mana hatimi. Kasuwar can kuwa sai ka ce an saki yara. Kowa ya sayi bargo da malafar mutanen Lesotho mai tsini, maza suka ɗora ta a kan 'yan hulunansu. To akwai Firida Jowell, bazawarar da ta daɗe tana yi wa Lazar shawagi. Ta ce, "Kawo kayan in riƙe maka, Lazar, kai da ciwon kafaɗa." Ya miƙa mata bargo da malafa da jakar wayarsa, ya ce zai leƙa inda mahaifinsa ke sayen gashin tumaki a da, yanzu zai biyo mu. Ita kuma da ta dawo mota ta jingine bargon a tsaye a kujerarsa da jakar wayar a cikinsa, ta kifa malafar a kai don kada wani ya zauna, ta dawo gaba tana nuna mana nata bargon.

Selwin ya miƙe ya karanta ayarsa. Malafa goma, kalma goma. Ya ce wa direba mu tafi.

Rona, da ina da hankali da tun a nan na gane. Basil ya kama waƙa. Mutumin da rabonsa da waƙa tun bikin 'yarmu. A gonar ceri kowa ya sauka, Firida ta leƙa baya ta ce Lazar barci yake yi. Sai na ji muryar mijina yana cewa, "A bar shi ya huta, bawan Allah, ya gaji." Har na ji daɗi a raina, na ce ashe tafiya tana gyara mutum. Ya ci ceri kamar an aiko shi, yana raba wa mutane yana ba da labari.

Rana ta karkata sosai lokacin da muka isa maƙabarta, kuma kin san da ta faɗi ranar Baba ta wuce, ba kuma a tsayawa cikin kaburbura da duhu. Maza suka sauka suka jeru a bakin ƙofa. Selwin ya fara ayarsa, ya zo kalmar ƙarshe, yatsansa ya tsaya yana nuna iska. Ya goge tabarau ya sake. Kalmar nan dai ta rage masa a baki.

Aka ce a tashi Lazar. Firida ta shiga ta kira shi sau biyu, ta taɓa kafaɗarsa ta ji laushi, sai ta ƙwalla ihu wai ya mutu. Mata suka ɗauki kuka, Selwin ya fara addu'ar jin labarin mutuwa, wani mai dabara kuma ya kira lambar Lazar, gawa ta kama ƙara. Ni ce na ratsa su na ɗaga malafar.

Ban tambayi kowa ba, Basil na duba. Shekara hamsin ina kallon fuskar nan, na san yadda take in ya cinye abin da na ɓoye wa baƙi. Ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa.

Na ce, "Ka gani."

Ya ce, "Na ɗauka zai biyo mu a tasi."

Na ce, "Basil, in an cire ɗaya daga goma, saura nawa?"

Rona, ki yarda da ni, sai a lokacin abin ya faɗo masa. Daɗin mugunta ya sa ya manta dalilin zuwan. Na ga jinin fuskarsa ya tsere. Dama an ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Selwin ya matsa kusa da direba yana murmushi ya ce, "Ntate, ko a cikin kakanninka, ta wajen uwa, ba a taɓa jin wani..." Direba ya ce shi ɗan coci ne tun daga kakan kakansa, amma in addu'a ce zai taya mu da zuciya ɗaya. Na ce wa Selwin ga mu nan kusan ashirin a tsaye, ba za a haɗa mu a samu namiji ɗaya ba? Ya ce, "Zelda, ba ni na kafa dokar ba." Na ja Basil da hannun riga muka koma mota, muka bar su a ƙofar maƙabarta suna tofar da ƙwallon ceri.

A bakin gada ma'aikacin da ya buga mana hatimi ɗazu ya ce, "Mama, kun manta wani abu ne?" Na ce mutum muka manta. Ya yi dariya har ya buga hatimin a karkace.

Mun samu Lazar a kan benci wajen wata mai gasa masara, ya miƙe ƙafa, yana gaigayar masara yana zuba mata yaren Sesotho da ya koya yana yaro. Ko kallon Basil bai yi ba. Ya ce, "Sannu da dawowa, Zelda. Ina kan gada na hango motarku tana tashi. Mijinki ya gan ni ta taga."

Na ce ƙila bai gane shi ba.

Ya ce, "Ya ɗaga mini hannu."

Na roƙe shi don Allah, don Baba, na nuna masa rana. Ya ce shi bai ƙi ba, ai don Baba ya zo. Sai ya sa hannu a aljihun kwat ya fito da gwangwanin nan ya buɗe. Dunƙule ɗaya ya rage, wanda ya wuni cikin zafi a jikin mutum. Ya miƙa wa Basil ya ce, "Ci. In ka gama ka faɗi abin da ya kamata Hinda ta ji."

Basil ya dubi kifin, ya dubi rana, ya dube ni, bai ga sauƙi a ko'ina ba. Ya ɗauka ya jefa a baki. Mai masara ta bar fifita tana kallo. Ya tauna, ya haɗiye da ƙyar, ya ce, "Da daɗi."

"Ban ji ba."

"Na ce da daɗi." Sai muryarsa ta sauka. "Ban kyauta mata ba, Lazar. Ranar jana'izarta na zo, a baya na tsaya, na kasa zuwa gabanka."

Lazar ya rufe gwangwanin a hankali ya mayar aljihu. Ya ce, "Ƙarya kake yi, ba ka ji daɗinsa ba. Amma ka ci." Ya miƙa masa hannu ya ce, "Ɗaga ni, tsohon banza, gwiwata ta riƙe."

Ina ma kin ga gudun da suka yi a kan gadar nan, riƙe da juna, mai ciwon baya yana jan mai ciwon gwiwa, ni a bayansu da takalma a hannu. Masu dawowa daga aiki suka dare suna tafa musu. Ntate Sello kuma ya tuƙa motar yadda ban so 'ya'yanmu su ji ba.

Rana ta taɓa kan dutse lokacin da muka tsaya a kan Baba. Ciyawa ta ɗan rufe sunansa, na share da hannu. Firida ta kifa wa Lazar malafarsa tana kuka tana yi masa faɗa. Selwin ya karanta aya, wannan karon har da taɓa ƙirjin kowa don ya tabbata ba bargo ba ne. Kalma ta goma ta sauka a kan Lazar. Aka juya ga Basil.

Ya buɗe baki, sai shaƙuwa. Ceri da kifi da gudu sun haɗu sun yi shawara. Ya sake gwadawa, ta sake sarƙe shi. Aka buga masa baya, aka ba shi ruwa, abin sai gaba yake yi. Selwin ya ce wani ya karɓa. Kin san mazanmu. Wannan ya ce ya bar tabarau a mota, wancan ya ce ai wane ya girme shi, wanen ya ce shi da karin Polan ya iya kuma ba ya son a sake wata rigimar. Selwin ya buɗe littafi yana neman hukuncin mai shaƙuwa. Ina tsaye ina kallon rana tana nutsewa, rabi ya tafi, ga maza goma na kawo daga uwa duniya suna yi wa juna kara.

Ban yanke shawara ba, Rona. Muryata kawai na ji. Tun muna yara muke jin kalmomin nan daga benen mata na majami'a, ban san sun zauna mini ba sai da suka fito. Gardama ta tsaya cak. Na kai wurin da ake amsawa, na yi shiru.

Ba wanda ya amsa. Ina jin kukan tsuntsaye, ina jin shaƙuwar Basil. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan ɗan lokacin ba, don na san in suka ƙi, na kunyata Baba a gaban kabarinsa.

Sai Lazar ya ce amin, da ƙarfi, daga ƙarƙashin malafa. Basil ya bi shi, amin ɗinsa a karye gida biyu. Sauran suka ɗauka, matan ma suka shiga ba wanda ya hana su. Na ci gaba har ƙarshe, hawaye na shiga mini baki, kuma a kowace gaɓa muryar da ta fi ta kowa tashi ta Selwin ce. Da muka gama ya rufe littafinsa ya matso ya ce mini a hankali, "In an tambaye ni wa ya karanta, kin dai san idona."

Suka yi gaba zuwa mota, Basil da Lazar a baya suna musu a kan wanda ya fi gudu. Na tsaya ni kaɗai. Na fito da duwatsun nan biyu na dakalin shago na ɗora a kan kabarin yadda al'adarmu take, ɗaya nawa, ɗaya naki. Na ce, Baba, ga 'yanmatanka. Ka gaya wa Mama an cika maka, kada dai ka ƙirga su.

Ki gaida maigidan da yara. Lazar zai zo cin abincin daren Juma'a, ya ce shi zai kawo kifin.

Taki har kullum,
yayarki Zelda